Kujeru Bakwai a Ofishin Likita

Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba na samu aiki a wani asibitin kuɗi da ke hanyar Chanchaga, a matsayin jami'in mulki. Sunan ya fi aikin girma. Ni ne mai jadawalin hutu, ni ne mai rubuta wasiƙa, ni ne kuma wanda ake turawa duk inda manya ba sa son zuwa. Ina jin shi ya sa da takardar gayyata ta zo, cewa za a horar da shugabannin ma'aikata kan hana faɗa da duka a wurin aiki, Likita, mai asibitin, ya miƙo mini ita ko karanta ta bai gama ba.

Kwana uku muka yi a zauren wani otal. Mai koyarwar wata mata ce mai ƙaramar murya, wadda idan an ɗauke wuta sai ta ci gaba da magana kamar majigin yana nan. Ta koya mana mu lura da wanda muryarsa ta fara hawa, kada mu tsaya tsakanin mai fushi da ƙofa, kada mu ce masa ya kwantar da hankalinsa. A rana ta biyu aka yi kwaikwayo, aka ba ni matsayin ɗan'uwan majinyaci da ya fusata. Na buga tebur, sannan na ce, "Yi haƙuri."

"Malam, haka ake fushi a unguwarku?" in ji ta. Aka yi ta dariya har lokacin shayi.

Abu biyu ta fi nanatawa: a fara tambayar wanda aka yi wa abin me yake so, kuma a rubuta abin da ya faru da kalmomin da ya faru da su. Na rubuta, na dawo da satifiket da damin fom na rubuta rahoto.

Wata biyu ko uku bayan nan, ban riƙe daidai ba, abin ya faru. Akwai matar da ke yankar kati a tagar gaba, kowa Anti yake ce mata. A Sabon Gari take zaune, ta girme ni nesa, kuma ta fi ni sanin asibitin. Akwai kuma mai kula da sito, dattijo daga Maikunkele, wanda tun da aka buɗe asibitin yake nan. Katunan Anti sun ƙare tun safe, ta aika sau biyu bai kawo ba, layi ya kai bakin ƙofa. Da ya zo ta ce masa, a gaban mutane, ko barci yake yi a siton. Ya zagaya ta bayan tagar ya mare ta. Ina tsaye da jadawali a hannu, bai fi taku biyar ba.

Abin da ya biyo baya, ina ganin na yi shi daidai. Na sa aka fita da shi, na kai ta ofishina, na ba ta ruwa. Da na zauna cika fom ne hannuna ya yi nauyi. Dattijon sa'an mahaifina ne, shi ya nuna mini masallacin da ake Juma'a ranar da na fara aiki. Sau huɗu na sake rubutun. A na ƙarshe na sa cewa an samu 'yar rashin fahimta, kuma da alama hannunsa ya kai ga fuskarta.

Ranar Asabar 'yan ba da haƙuri suka zo daga Maikunkele: yayan dattijon, da limamin unguwarsu, da wasu dattawa biyu. Likita ya sa aka kira mijin Anti, wani malamin firamare mai sanyin hali. Ni na jera kujeru, bakwai na ƙirga har da ta Likita da ta dattijon, na aika aka sayo lemo, na tsaya gefe ina rubuta abin da aka ce. Liman ya yi magana mai kyau a kan zaman tare. Yayan ya duƙa ya kama hannun mijin.

"Ya wuce, Baba," in ji mijin. "Don Allah ku tashi."

Aka yi addu'a, kowa da irin tasa, aka watse. Sai da nake mayar da kujerun na hango Anti ta taga, tana yankar kati. Tun safe tana wurin. Babu wanda ya ce a kira ta, ni ma da na yi kwana uku ana gaya mini ban ce ba.

Da aka tashi aiki ta shigo ofishina ta ce in ba ta fom ɗin. Ta karanta a tsaye, a hankali, tana bin layi da yatsa.

"Ofisa, kana wurin ko ba ka wurin?"

"Ina wurin, Anti."

"To mene ne da alama? Ni fuskata ba ta ji alama ba."

Na fara bayanin cewa a rubutun ofis akan yi taka-tsantsan. Ta ɗaga hannu.

"Maigidana ya yafe, shi aka mara? Ba na son a kori tsoho, yana da iyali. Ka rubuta ya mare ni. Shi kuma ya zo tagar nan inda ya yi, ya faɗa da bakinsa. In an yi haka zan zauna. In ba a yi ba, ƙarshen wata na tafi."

Na rubuta sabo a gabanta, layi uku, har da sharaɗin da ta sa. Ranar Litinin na kai wa Likita. Ya karanta, ya cire tabarau, ya murza idanu kamar wanda ya kwana a tiyata.

"Dattawa sun taso tun daga Maikunkele, liman ya yi addu'a. So kake in aika musu cewa zuwansu bai isa ba?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na dai ce ko za a duba, idan da hali."

"An duba."

Wata nas ta leƙo ta ce ana jiransa, ya tashi, ni ma na fita.

Sauran kwanakin watan Anti ta yi aikinta ba fashi. Ta koya wa wadda za ta gaje ta yadda ake jera katunan tsofaffin majinyata, ta bar mata har almakashinta. Ranar ƙarshe ta biyo ta ofishina ta ajiye makullin durowa a kan tebur. Na ce mata ina nan ina ƙoƙari, wataƙila idan Likita ya huce a sake magana.

"Ka gaida gida, Ofisa," ta ce.

Daga baya na ji ta kama aiki a wani kantin magani kusa da gidansu. Ni kuwa na ƙara shekara shida a asibitin, kuma duk ranar Litinin ni nake zuwa sito wurin dattijon in karɓo katuna da kaina.