Gaiwar Maijego

Lantana ba ta taɓa sanin wata sana'a ba sai ta gaiwa. Tun tana ƙarama ubanta ya nuna mata yadda ake bin tafkin ƙauyensu, kusa da Gazawa, idan ya ƙafe da rani: a ƙwanƙwasa busasshiyar laka da sanda, a kasa kunne, a tono kifin da ke barci a ciki. Da wannan sana'ar ta raini 'yarta Dija. Ta kuma gaji wata doka: gaiwa mafi kitse ba ta zuwa kasuwa, ta maijego ce. Da Dija ta zo wankan jego, romo safe da yamma.

Ana nan sai ga Hasiya, ɗiyar ƙanenta mai karatu a jami'a, ta zo barka. Ta buɗe tukunya, ta daskare.

"Gwaggo, wannan ta tafki ce?"

"A'a, daga sama ta faɗo. Zauna ki sha."

"Gwaggo, malamanmu sun auna lakar nan bara. Maganin feshi da baƙin man da ake juyewa ba sa tafiya in ruwa ya ƙafe, kwanciya suke a laka. Tsutsa ta ci laka, gaiwa ta ci tsutsa, dafin ya taru a kitsenta. Wuta ba ta kashe shi. Mai kitsen ita ta fi ɗauka, kuma yana iya bin nono."

Ludayi ya suɓuce wa Lantana. Ta dubi Dija, jariri na kan ƙirjinta yana tsotso.

Kowa ya san masu kabu-kabu na juye mai a can. Amma famfon feshi? Mijinta Chindo ne mai feshe gonakin wake, kuma a bakin tafkin yake ɗauraye shi. Nan wani abu ya faɗo mata: Chindo ya daɗe da barin gaiwa. Wai tana sa shi ƙaiƙayi.

Ta cika kwano, ta same shi a zaure, ta dire gabansa.

"Malam, bismilla."

"Kin san ba na ci."

"Yau nake so in sani. Ƙaiƙayi ne?"

Ya ƙura wa romon ido.

"Wani malamin gona ya taɓa ja mana kunne kan ɗauraye famfo a tafki," ya ce a hankali. "Da na faɗa, gari ya ce ni na ɓata tafki. Ke kuma me za ki sayar?"

"Innalillahi! Kana zaune ina ɗura wa 'yarka?"

"Na ga jininta mai ƙarfi ne."

"Naka ne marar ƙarfi?"

Lantana ta koma ciki ta kifar da tukunyar a rami, ta binne don kada kaji su ci. Ta goya jikanta da kanta.

"Dija, ɗauko mayafinki. Likita za mu."

Suka wuce ta zaure. Kwanon na nan gaban Chindo, kitse ya fara daskarewa a kai.