Fitila Uku da Ɗakin Kajin Ƙarya

Ba zan faɗi sunana ba. Wanda ya san ni ya riga ya san labarin, wanda bai san ni ba kuwa labarin ya ishe shi. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, auta a ɗakinmu, karatuna bai wuce aji huɗu ba. Ban taɓa zama mai yawo ba. Daga gona sai gida, in zauna ina ɓarar gyaɗa ina zuba wa Inna surutu, ita kuma tana gyaɗa kai ko ta ji ko ba ta ji ba, domin kunnenta ya yi nauyi tun bayan rasuwar Baba. Inna mace ce da ake kai wa ajiya a garinmu. In mata suka yi gardama sai a ce a je a tambaye ta, ba ta ƙarya. Wannan sunan nata shi na ɗauka na jefa a kwata, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

A kasuwar Maigatari na haɗu da Mati, ran da na kai awaki biyu. Ɗan kamasho ne a tashar manyan motoci, baki kamar zuma, kowa a wurinsa "mushe" ne, wato "malam" a Faransancin mutanen Nijar. Da farko shayi ya saya mini. Daga baya ya ba ni wani ƙulli in ajiye masa na sati ɗaya. Na san wiwi ce, hancina ba a toshe yake ba, amma na karɓa. Ban daɗe ba na fara zuƙa.

Wata rana ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wani Bature a cikin ɗaki, ganye ya yi kore shar a ƙarƙashin fitilu. Ya ce, "Mushe, kai da ba ka fita, ai Allah ya kawo maka sana'a har gida. Ni iri da sola, kai ɗaki da fitila. Ba shingen hanya, ba kare, ba mai bincike." Na ce to me Baturen yake faɗa? Ya ce, "Cewa yake arziki na nan." Daga baya na gane shi ma ba ya jin ko kalma ɗaya.

Ɗakin Baba na zaɓa, inda buzunsa yake. Na ce wa Inna kiwon 'yan tsakin gidan gona zan yi, su kuma sai da fitila saboda ɗumi, kuma ba a shigar musu don cutar kaji tana bin ƙafar mutane. Ta sa mini albarka. Ita ta share ɗakin da hannunta. Na san ba za ta gane babu kukan 'yan tsaki ba, kuma a kan wannan kurumtar tata na gina ƙaryata. Warin ganyen kuwa na ce mata maganin kaji ne.

Daga nan haukar fitila ta kama ni. A Gumel akwai wani mai kayan sola, Sabo. Ya fara ba ni ƙwan fitila masu zafi irin na masu kaji na gaskiya. Ɗaki ya koma tanda, ganye ya nannaɗe kamar an soya shi. Na koma na nuna masa hoton wadda ke wayar Mati, mai haske kalar zoɓo. Sabo ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Maigida, wace irin kaza ce ke son zoɓo?" Ya gane sarai! Amma ya shiga ciki ya ɗauko mini, har da cewa Allah ya ba da sa'a. Irin su Sabo suna nan a shagunansu suna shan fanka, ba wanda ya taɓa su.

Mai kalar zoɓon ta sa idona ciwo, tana shanye batir kamar raƙumi ya samu rijiya. Wata biyu ba ni da tunani sai fitila. Wannan ta fi zafi, waccan ta fi ci, wata an ce fara ce shimfiɗaɗɗiya kamar tire. Ina auna su ina kwatantawa kamar mai zaɓen irin gero. Ku dubi wautar nan: a ƙasar da rana ke fasa ƙasa kyauta, ni ina neman ranar kanti, saboda abin da na shuka ba zai iya fita gaban mutane ba. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da mai hankali. Kuma kada wani yaro ya zauna yana jiran in gaya masa wadda ta fi. Duk hanyar gidan yari suka haska mini.

Abin da ni da Mati muka manta shi ne a ƙauye kowa ya san kaza. Da damina ta matso, maƙwabcinmu Malam Idi ya yi sallama da buhu a hannu, ashe Inna ta yi masa alkawarin kashin kaji ya kai gona. Na ce bai taru ba tukuna. Ya ce, "Kaji wata biyu ba kashi? Azumi suke yi?" Ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa ganin buhun dusa ya shiga gidan nan ba. Inna ta karanci fuskarsa, ta miƙe ta ce, "Idi, ɗana ba ya ƙarya. Wallahi kaji ne a ɗakin nan." Ina tsaye, na bar ta ta rantse. Ban san wanda ya kai rahoto ba, kuma ba na jin haushinsa. Daidai ya yi.

Ranar Alhamis Mati ya kira, wai farar fitilar ta iso a wata mota, in zo Maigatari in gani. Na ba Inna mukulli don na san ba mai karɓa a hannunta, ta ɗaure a bakin zaninta. Ina tsugune ina jujjuya fitilar sai ga wayar Yaya Hanne, yayata da ke aure a Gagarawa. Ta ce, "Kai, ɗan banza, kana ina? An tafi da Inna!" Jami'an yaƙi da ƙwaya ne suka zo da hantsi, suka tambayi mai mukulli. Inna ta kwance da kanta ta miƙa musu, tana cewa su cire takalma kada su sa wa ɗanta cuta a kaji.

Mati ya ce, "Mushe, ga iyaka nan kusa. Tsohuwa ce, za su sake ta." Wallahi na bi shi. Kwana biyu na yi a tsallake ina ɓuya a bayan motoci, uwata tana tsare. Shi kuwa ya ce bari ya sayo mana abinci, ya tafi da fitilar, ban sake ganinsa ba har yau. A rana ta uku na hau babur zuwa Gumel na miƙa kaina.

Na tarar da Inna a kan benci, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce, "Auta, da gaske ba kaji?" Na ce ba kaji, Inna. Ba ta ji ba. Sai da na ɗaga murya a gaban jami'ai da Yaya Hanne na ce, "Ba kaji, wiwi ce!" Sai ta ce, "Na rantse wa Idi da Allah."

An sake ta, ni aka ba ni shekara uku. Ina ciki Yaya Hanne ta gaya mini Inna ta yi azumi saboda rantsuwar, kuma mata sun zo ɗaya bayan ɗaya sun karɓe ajiyarsu, kowace da uzurinta.

Na fito, na tuba, na bar hayaƙi, na koma gona. Inna ta ce ta yafe, kuma ita ke zuba mini tuwo. To samari, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Duk sana'ar da sai ka kulle mata ɗaki ka yi wa uwarka ƙarya, ka gudu tun ba ka fara ba. Wanda ya kawo maka shawarar zai tsallake, mai shago zai ci gaba da ciniki, wanda ya yarda da kai shi za a ɗauka. Gidan yari yana da ranar fita, amma akwai hukuncin da alƙali bai yanke ba. Shekaranjiya na dawo daga gona na ce wa Inna gero ya fitar da kai. Ta ce madalla. Da la'asar na hango ta da sandarta a kan hanyar gona, ta tafi ta gani da idonta.