Sujada a Kan Sabon Kafet

Duk wanda ya taɓa kai markaɗen wake ko niƙan masara a unguwar Daurawa ya san Malam Sha'aibu mai inji. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ya kama aikin nan, har gemunsa ya yi fari, ko da yake shi cewa yake garin masara ne. Amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, ba zai fara da inji ba. Zai ce maka shi ne ladanin masallacin layinsu. Shi ke kiran salla, shi ke tsayawa bayan liman yana ɗaga kabbara don sahun waje su ji, musamman in an ɗauke wuta, kuma ɗauke wuta ai ba labari ba ne.

To, injin nan da ya ci da shi da iyalinsa, shi ne ya riƙa cinye masa kunne a hankali. Da farko wata 'yar ƙara ce kamar kukan sauro, in ya tashi daga aiki. Daga nan rediyonsa ta fara damun maƙwabta. Matarsa Lami sai ta yi ta kira har ta gaji kafin ya waiwayo. Ta ɗiga masa man zaitun, ta ɗiga ruwan tafarnuwa, shi kuma ya bi da gashin kaza yana sakace, duk a banza. Ga asibitin koyarwa nan kusa, amma ko zancensa ba ya so. Tsoronsa ɗaya ne: a ce masa kurma, magana ta kai masallaci, a karɓe ladanci a ba wani.

Sai ya koma dabara. A tsaye da ruku'u yana satar kallon liman. Sujada ce tashin hankali, don goshi na ƙasa, ido ba ya ganin komai. Amma Allah ya sa tabarmar robar da liman ke tsayawa a kai ta miƙo har gabansa. Da liman ya yunƙura zai ɗago, tabarmar sai ta ɗan motsa a ƙarƙashin tafin Malam Sha'aibu, shi kuma sai ya kwaɗa kabbara. Haka ya yi ta lallaɓawa, ba wanda ya gane.

Ana nan sai wani Alhaji Mukhtar, mai son lada, ya shimfiɗa wa masallacin sabon kafet, mai kauri, ƙafa har nutsewa take. Jama'a suka yi ta sa albarka. Malam Sha'aibu ya fi kowa ɗaga murya wajen amin, alhali hankalinsa na kan tabarmar da aka naɗe.

La'asar ɗin ranar ba wuta, sahu har kan titi. Aka tafi sujada. Ya danna tafinsa cikin kafet yana jira. Shiru. Kafet ko gezau. Ya ƙara tasbihi, gumi ya karyo masa, ya ce a ransa ko liman ne ya tsawaita yau. Ashe liman ya daɗe da ɗagowa, na waje kuwa goshinsu na kan ƙasa mai zafi suna jiran muryar ladan. Sai da Murtala tela ya ɗaga kabbarar daga sahu na biyu. Ita ma Malam Sha'aibu bai ji ta ba, sai da na gefensa ya zungure shi.

Bayan sallama wani dattijo ya ce, "Malam, laushin kafet ne ya sa ka barci?" Aka yi dariya, shi ma ya yaƙe baki. Ya koma gida ko tuwo bai iya ci ba.

Lami ba ta nemi izininsa ba, ta kira maƙwabciyarsu Ummukulsum, wadda nas ce. Ummukulsum ta durƙusa daidai fuskarsa yadda zai ga bakinta, ta ce, "Baba, kunne ma ana auna shi kamar ido. Gobe in Allah ya kai mu ni zan raka ka."

"In suka ce ya mutu fa, 'yar nan?"

"In da saura fa, Baba, kana zaune inji na ƙarasa shi?"

Washegari a asibitin, aka sa shi a wani ɗan ɗaki shiru, aka kifa masa abin ji a kunnuwa, aka ce ya danna maɓalli duk sa'ad da ya ji ƙara. Ya daɗe riƙe da maɓallin nan bai danna ba, yana kallon likita ta gilashi. Likita bai ɓoye masa ba. Abin da inji ya ci ba zai dawo ba, na hagu ya fi lalacewa, amma na dama da sauransa. Dole ya riƙa toshe kunne a wajen aiki, kuma za a gwada masa na'urar ƙara ji. "Gashin kaza kuma, Baba, a bar wa kaza abinta."

Ranar da ya sa na'urar, ya danne ta da hula ya tafi Magariba. Ya tarar Murtala ya matso kusa da gurbinsa, wai ko da za a buƙace shi. Malam Sha'aibu ya dube shi, ya dubi liman. Sai ya kai hannu ya ture hular baya, na'urar ta fito fili kowa ya gani, ya shiga gurbinsa.

Aka tafi sujada. Goshinsa ya nutse a kafet, tafinsa ya hau laluben tabarmar da babu ita. Shiru. Ya ce a ransa shi ke nan, na'urar ma ba ta yi ba.

Can sai ga muryar liman, 'yar siririya, kamar daga cikin gwangwani: "Allahu akbar."

Ya buɗe baki zai ɗaga, kuka ya riga kabbarar fitowa. Duk da haka na waje sun ji.