Ko Akurkin Kaji Yana da Sakata

Jiya da rana muna tsaga citta a tsakar gida, ni da matata Rifkatu muka sake tayar da gardamarmu ta kwana uku.

Wani wasan ban tsoro muke bugawa a waya. Kai ne mai gadi, ƙofofin ƙarfe na tare maka dodanni, amma da wuta ta ƙare sai su buɗe da kansu. Ni na ce maganaɗisu ne ke riƙe su. Ita ta ce da gangan aka yi, don kada gobara ta rutsa da mutum. Wanda ya sha kaye shi zai yi wanke-wanken sati guda.

Muka kai ƙara wajen Mama.

Ta ce, "Wato in aka ɗauke wuta, dodo ya shigo?"

Muka ce ƙwarai.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wanda ya gina gidan nan bai taɓa zama a Kafanchan ba. Ko akurkin kajina yana da sakata."

Rifkatu ta yi dariya har ta kifar da kwando. Mama ta ce dukanmu mun faɗi.

Yanzu haka ina wankewa, tana ɗaurayewa. Ku masu buga wasan, wa ya taɓa tunawa da sakata?