Allurar Ƙarshe ta Garmahon Inna Ige

'Ya'yana suna yi mini dariya, wai ni waƙar bana ba ta ratsa ni sai ta tsufa. Ban musa ba. Wayata cike take da kiɗan da muka tashi da shi, amma a ciki akwai wata waƙa guda mai shuuu kamar ana suyar ƙosai, ita ce ta fi mini duk sauran.

A shekarun saba'in muna zaune a Tudun Wada cikin Gusau. Da an ba mu hutu bayan girbi sai Baba ya kai mu Nahuce, wajen mahaifiyarsa Inna Ige. Ana idar da isha'i takan hura wutar kara a tsakar gida, ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Hayaƙi na tashi a hankali, taurari sun sauko har kan rumbu, barci na fizgar mu muna ƙi.

"Ga tawa nan ta taso," in ji ta. Mu ce, "Ta sauka lafiya."

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wata mata ce kogi ya ɗauke mata ɗa. Ta zauna a bakin ruwa, ba kuka ba roƙo, har kogin ya ji nauyinta, ya miƙo mata gora da muryar yaron a ciki. Ya ce ba za ta buɗe don kanta ba, sai in wani ya roƙa. Sai matar ta riƙa tara yaran gari tana ba su gyaɗa, su kuma su ce ta buɗe musu gora.

Da ta kai nan sai ta karkaɗe zane. "Ku tashi ku kwanta. Ko ko kiɗin nan kuka so? Ɗiyan ga kun dame ni da kiɗi!" Alhali ba wanda ya ce uffan. Mu dai sai mu ɗauki ihu, ta fito da garmaho tana mita.

Faifanta ɗaya ne tak, waƙar noma ta wani makaɗin Tsafe. Cikin 'yan amshi akwai wata siririyar murya da ke hayewa saman sauran. Mamana ce ta raɗa mini cewa muryar Ummaru ce, yayan Baba, ɗan farin Inna, wanda mota ta kife da shi ya rasu kafin a haife ni. Saboda kunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ranar rasuwarsa ma ba a ga hawayenta ba. Ta yaya za ta ce tana marmarin muryarsa?

Sai allurar garmaho ta zo ƙarewa, saura guda. Baba ya zaga kasuwar Gusau, ɗan Kudun da ke sayar da kayan rediyo ya ce an daina kawo ta, duniya ta koma kaset. Ya ara masa rikoda don a juye waƙar.

Da maraicen nan Baba ya ajiye rikodar kusa da tabarmar Inna, ya ce kowa ya kama bakinsa. Ita a zatonta akwatin daga faifai kawai yake zuƙar waƙa, kamar a juye fura daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Ta juya mana baya tana gyara wuta. Faifai ya yi ta juyawa har allurar ta dakushe.

Baba ya mayar da kaset baya ya kunna. Ganga ta tashi, 'yan amshi suka karɓa, siririyar muryar ta haye. Sai ga wata murya can ƙasa-ƙasa, tana rawa: "Ummaru. Ɗana. Muryakka ba ta tsuhwa ba."

Baba ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa na motsi. Da ƙyar ya ce, "Inna, in goge a sake?" Shi ma ya san babu allurar da za a sake da ita.

Ta daɗe tana tona toka da kara. "Akwatin ga maƙaryaci na," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Bar ma ɗiyan ga abinsu. Su ka son kiɗi."

Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji sunansa ya maƙale mini a maƙogwaro a gaban surukai, sannan na gane wace ce matar bakin kogi, da abin da gyaɗar nan take saya. Garmahon ya lalace, Inna ta rasu, kaset ɗin ya koma cikin waya. Goran yanzu murya biyu ne a ciki, uwa da ɗa, suna zaune kusa da juna yadda ba su taɓa zama ba a duniya. Ina kewarta ƙwarai.

Jiya da yamma jikata ta haye cinyata ta ce, "Kaka, sa mana mai shuuu ɗin nan."

Na ce, "Kun dame ni da kiɗa." Hannuna ya riga ya kai kan wayar.