Shirinki

A shekarar da damina ta yi mana rowa, ina koyar da Turanci a firamaren ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Turancin nawa bai taka kara ya karya ba, amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Abin da ke ran kowa a gidanmu lokacin shi ne ko geron rumbu zai kai mu kaka.

Wani mako muka iso kan kalmar shrink, wato abu ya motse, ya ƙanƙance. A bakin ɗalibaina, har da nawa, ta koma "shirinki". Misali bai yi mana wuya ba. Ƙosai ya koma kamar maɓalli, hedimasta kuwa sau biyu yana ƙara huji a bel ɗinsa.

Ranar da yamma mahaifiyata ta ajiye mini tuwo. Malmala uku ce kamar kullum, sai dai kowacce daga ciki loma biyu za ta tashi da ita. Ni sarkin iyayi na nuna kwanon cikin murnar samun sabon misali, na ce, "Shirinki."

Inna ta yi turus. "Shirina? Wa ya faɗa maka?"

"Inna, Turanci ne fa."

"To shi Baturen wa ya faɗa masa?"

Kafin in yi bayani ta shiga madafi ta fito da mara, 'yar sakainar da take kwashe tuwo da ita. Ashe duk Juma'a sai ta sa wuƙa ta kankare bakinta kaɗan, don kada Baba ya ga an rage yawan malmala hankalinsa ya tashi. Wata huɗu ana wannan aiki, marar ta kusa zama cokali. Ta ce a lissafinta, in an ci gaba a haka, geron zai kai.

Na yi dariya har da ƙwarewa. Ina share hawaye na ce, "To ke malmala nawa kike ci?"

Ta karɓe marar daga hannuna, awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. A kan murhu na hango tukunyar tuwo an jiƙa ƙanzo da ruwa, babu wani kwano kusa da ita. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Ashe Baturen naka bai gama sani ba. Ci abincinka, kuma kada babanka ya ji."