Jemagun Inna

Asabar ta farko a watan Yuni, ƙarfe biyar na yamma. Mu uku ne: ni, da Inna, da babban yayanmu. Mun ɗauki taksi daga Zongo zuwa dajin shaƙatawa na tsakiyar Wagadugu, ni kuwa ban jima da saukowa daga aikin rediyo ba, barci kawai nake so.

Dalilin tafiyar mangwaron tsakar gidanmu ne, wanda marigayi Baba ya dasa. Kowace shekara jemagu suna sauka a kansa, su gatsa 'ya'yan su yar, su ɓata shanya da kashi. Mun ɗaura gwangwanaye a rassa muna jan igiya, ba su fasa ba. Yaya ya ce sarewa za a yi. Inna ta ji a kasuwar Rood Woko cewa Turawa har biya suke yi su kalli jemagu a dajin nan, sai ta ƙudura cewa in ya gani da idonsa zai bar itacen.

Mun sami jemagun rataye a rassa, kai a ƙasa, suna ta tsuwa. Wurin yana wari. Turawa suna gefe da kamara, wata tana rubutu a ɗan littafi.

Inna ba ta yi wa Yaya magana kai tsaye, ɗan fari ne. Ta taɓa ni ta ce, "Gaya wa wancan ya duba. Daga ƙetaren teku suka zo."

"Yaya, an ce ka duba."

"Na duba. Tambayi Baturiyar can ko ita ke wanke tsakar gida da safe."

Ban tambaya ba. Na gaji da tsayawa tsakaninsu ina isar da saƙo kamar a gidan rediyo.

Dab da magariba jemagun suka tashi, sama ta yi baƙi. Inna ta bi su da ido, ta ce a hankali, "Gidanmu suka nufa."

"Shi ne nake faɗa," in ji Yaya.

Muka ɗauki taksi muka koma gida.

An sare itacen bayan sati biyu, Inna tana unguwar Tampuy wurin ƙanwarta. Jemagun sun koma mangwaron maƙwabta, kashinsu kuwa har yanzu yana faɗowa a kan shanyarmu.